Tanadin Kuɗi Domin Jika a Sokode da Dapaong: Mallaka, Riƙo da Darajar Abin da Aka Ajiye

Tanadi domin jika shi ne kaka, namiji ko mace, ya ware kuɗi ko dabba ko fili da niyyar su zama na ɗan ɗansa ko ɗan 'yarsa, a tsare su har yaron ya kai munzalin riƙe abinsa. A zangunan Sokode da Dapaong da ke arewacin Togo al'adar ta daɗe, sai dai tambayar da aka fi yi a kanta yanzu ita ce inda ya kamata a sa kuɗin: banki, ko asusun haɗin gwiwa, ko tunkiya, ko fuloti. Akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan, kuma a kansu ne irin wannan tanadi ya fi rushewa. Shin abin da aka ware ya riga ya zama mallakin jikan, ko har yanzu na kakan ne? Wa zai riƙe shi idan kakan ya rasu yaron bai girma ba? Wanda ya fara tara wa jariri yana da shekara 55 zai kai 73 kafin jaririn ya cika 18, don haka duk tsarin da bai yi tanadin rasuwar mai tarawa ba yana da giɓi tun daga tushe.

Ma'anar kalmomin

A bakin mutane duk abu ɗaya ake faɗa: "na ajiye masa". Fiƙihu da dokar ƙasa kuwa sun rarrabe abubuwa huɗu. Tanadi shi ne abin da mutum ya keɓe daga dukiyarsa saboda wata buƙata ta gaba. Yana nan a matsayin nasa, ko da ya ƙudura a zuci cewa na wane ne. Kyauta, wadda littattafan fiƙihu ke kira hiba, mallakar da abu ce ga wani nan take, mai bayarwa yana raye, ba tare da musaya ba. Wasiyya mallakarwa ce da ba ta aiki sai bayan mutuwa, kuma mai ita yana da ikon janye ta muddin yana numfashi. Amana ita ce abin da aka damƙa wa mutum ya tsare wa wani. Ba nasa ba ne, kuma ba ya shiga gadonsa.

Waliyyin dukiya shi ne wanda ke da ikon juya dukiyar yaro. Wasiyyi shi ne wanda uba ya naɗa ya ci gaba da wannan aiki bayan ransa. Balaga girman jiki ce, rushdi kuwa iya riƙe dukiya ba tare da ɓarna ba. Sefa ita ce kuɗin da babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar ke bugawa domin ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, ciki har da Togo, Binin, Burkina Faso da Nijar. COOPEC asusun haɗin gwiwa ne na ajiya da bashi, wanda masu ajiya su ne mambobinsa. Notaire jami'i ne da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya da wasiyya ya buga musu hatimi, takardarsa ta zama hujja a kotu.

Tushen al'adar a arewacin Togo

Sokode, babban birnin yankin Centrale, ta bunƙasa ne a kan hanyar fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Fatake masu zuwa Salaga sun yi zango a cikin mutanen Tem, waɗanda aka fi sani da Kotokoli, har unguwar Didawure ta zama matattarar 'yan kasuwa Musulmi. Dapaong, babban birnin yankin Savanes, tana cikin ƙasar Moba da Gurma, kusa da kasuwar Sinkase ta kan iyakar Burkina Faso. A garuruwan biyu Hausawa tsiraru ne, kuma sana'o'insu sun fi karkata ga kasuwanci, fawa, dillancin dabbobi da malanta. Dukiyar irin wannan gida jari ce mai juyawa, ba gonar gado ba ce da za ta zauna wuri ɗaya tsara bayan tsara. Tana iya haɓaka a shekara ɗaya ta karye a ta biyu, shi ya sa tunanin cire wani abu daga jarin a killace shi domin yaro yake da ƙarfi.

Matsayin jika a gidan Bahaushe ya ƙara wa abin armashi. Kaka mace takan kira jikanta namiji maigida ko ango, jikarta mace kishiya. Kaka namiji yakan kira jikarsa amarya. Gidan kaka ake kai yaro yaye, sau da yawa kuma riƙon ya zarce har girma. Ranar suna akan ba jariri tunkiya ko akuya, musamman in takwaran kakan ne. Kaka mace kuma takan fara tara wa jikarta kwanuka, zannuwa da 'yan kunne tun tana rarrafe, domin kayan ɗaki. Abin da ya sauya a zamanin nan shi ne buƙatun sun koma na tsabar kuɗi: kuɗin karatu a jami'ar Kara ko ta Lome, kuɗin yarjejeniyar koyon sana'a da na bikin yaye ɗalibi daga wurin ubangidansa, keken ɗinki, babur, ko jarin fara kasuwa.

Gado: dalilin da ba a cika faɗa ba

Bayan ƙauna akwai dalili na shari'a. A mazhabar Malikiyya, wadda Musulmin yankin suka fi bi, ɗan ɗa ba ya gadon kakansa matuƙar kakan ya bar ɗa namiji a raye. Wato yaron da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa, baffanninsa suna shamakance shi, ko da a gidan ya tashi. 'Ya'yan 'ya mace kuwa ba su cikin masu rabo tun asali. Kakan da ya san wannan hukunci, kuma yana riƙe da maraya, yana da dalilin neman hanyar da zai bar masa wani abu.

Hanyar da shari'a ta buɗe ita ce wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Malaman Malikiyya na Magrib sun san wani salo da ake kira tanzili, inda kaka ke rubuta cewa ya sa jikansa a matsayin mahaifinsa marigayi. Ana ɗaukar wannan a matsayin wasiyya, a fitar da shi daga sulusi. Masar ta mayar da irin wannan wasiyya tilas a dokarta ta 1946, Maroko ma ta bi sahu.

Rubutacciyar dokar iyali ta Togo ta ɗauki wata hanya dabam. Ta bi tsarin Faransa, inda jikoki ke tsayawa a gurbin iyayensu da suka rasu su karɓi rabon da zai kai gare su, ba tare da bambanta namiji da mace ba. Tana kuma keɓe wa 'ya'ya wani kaso da ba a iya hana su ta hanyar kyauta ko wasiyya. Gidaje da yawa na Musulmi a gaban malami suke raba gado, amma da zarar wani ya kai ƙara kotu, dokar ƙasa ce za ta yi aiki. Tanadin da ake son ya tsira dole ya iya tsayawa a gaban malami da kuma gaban alƙali.

Yaushe abin ke zama na jika?

Nan ne ruɗanin ya fi yawa. A Malikiyya kyauta tana ɗauruwa da furuci, amma ba ta kammala sai an karɓe ta, wato ta fita daga hannun mai bayarwa. Idan ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin a karɓa, kyautar ta ɓaci, abin ya koma cikin dukiyarsa. Kyautar da aka yi a kan gadon ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi.

An yi wa uba sassauci: yana iya ba ɗansa ƙarami gida ko dabba, ya kafa shaidu, ya ci gaba da riƙewa a madadinsa. Amma ko uba bai sami wannan sassauci a kan tsabar kuɗi kai tsaye ba, domin kuɗi ba a gane su da kamanninsu. Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa uban da ya ba ɗansa zinariya ko azurfa, ya rasu suna hannunsa, ɗan bai mallake su ba sai idan an ware su dabam ko an damƙa su ga wani ya riƙe masa, malaman mazhabar na baya kuma suka fi ƙarfafa a fitar da su zuwa hannun wani. To, in haka lamarin uba yake, na kaka ya fi tsanani, domin Malikiyya ba ta ba kaka walicin dukiyar jika kai tsaye ba. Jerin ya fara ne da uba, sai wasiyyinsa, sai alƙali. Shafi'iyya da Hanafiyya sun ba kakan wajen uba gurbi a jerin, Malikiyya ba ta ba shi ba. Kakar wajen uwa tana gaba-gaba a haƙƙin renon yaro bayan mahaifiyarsa, amma haƙƙin reno dabam, walicin dukiya dabam.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne kuɗin da tsohuwa ta ƙulle a akwati tana cewa na jikanta ne, ko wanda tsoho ya bari a asusunsa na banki da wannan niyya, gado ne ranar da suka rasu, sai dai idan magada sun ga dama sun bar wa yaron. Wasu magada sukan bari, wasu ba sa bari, kuma waɗanda suka ƙi ba su saɓa hukunci ba. Dokar ƙasa ma haka take gani: abin da ke asusu mai sunan mamaci dukiyar mamaci ce.

Akwai farashin da kaka ke biya idan ya kammala kyautar. A mashahurin zancen mazhabar, uba da uwa ne kaɗai ke da damar janye kyautar da suka yi wa ɗansu bisa wasu sharuɗɗa. Kaka ba shi da ita. Wanda ya fitar da kuɗi da sunan jika, daga baya ciwo ko karayar jari ta same shi, ba shi da ikon dawo da su. Saboda haka zaɓin na gaskiya tsakanin abu biyu ne. Kyauta ta fi kare jikan amma tana ɗaure hannun kakan. Wasiyya tana bar wa kakan 'yancinsa amma tana jiran a biya bashi tukuna, tana tsayawa a sulusi, tana kuma dogara ga amincin masu raba gado. Mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da fansho ya fi dacewa ya yi kyautar abin da ya tabbata ba zai nema ba, sauran ya rubuta wasiyya a kai.

Wanda zai riƙe

Dokar yara ta Togo ta 2007 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma iyayensa ne wakilansa a harkar dukiya. Banki ko COOPEC kan nemi takardar haihuwar yaron da katin shaida na uba, ko uwa, ko wanda kotu ta naɗa, kafin su buɗe asusu da sunansa. Kaka yana iya zuba kuɗi, amma sa hannun cirewa yakan kasance na wakilin. Wannan shi ne abin da kakanni da yawa ke gudu, musamman mai tara wa ɗan 'yarsa alhali bai amince da surukinsa ba, ko aure ya mutu. Mafita ita ce a tambayi ma'aikatar tun farko ko tana da asusun da ake kullewa zuwa wani wa'adi, ko wanda ba a cirewa sai da sa hannun mutum biyu, a kuma rubuta sharaɗin a gaban shaidu ko notaire.

Takardar haihuwa ita ce matakin farko, kuma nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. Tun 1 ga Janairun 2022 gwamnatin Togo ta mayar da yin ta kyauta, muddin an kai rahoton haihuwar cikin kwana 45. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu. Ya kamata sunan da ke littafin ajiya ya zama daidai da na takardar harafi da harafi, domin yaron da gida ke kira Abba ko Ummi saboda sunan kaka gare shi, da sunansa na yanka zai je karɓar kuɗinsa.

Inda ake ajiyewa

Ajiyar gida a asusu ko akwati ita ce mafi rauni. Ban da sata da gobara da hannun mai buƙata, takardun kuɗi kansu suna tsufa: a ƙarshen 2004 BCEAO ta janye takardun sefa samfurin 1992 daga kasuwa, wanda bai canza nasa a kan lokaci ba ya shiga wahala. Adashi kuwa hanya ce ta tara kuɗi cikin makonni ko watanni, kuma mai zagayawa yana karɓar zubin kullum yakan ɗauki na kwana ɗaya a wata ladan aikinsa. Yana da amfani wajen haɗa dunƙulen da za a kai wani wuri, amma ba a yi shi domin shekara 18 ba. Haka asusun waya na Flooz ko Mixx, wanda a da ake kira TMoney: yana sauƙaƙa wa ɗa da ke Lome ko Kumasi ya aiko da gudummawa, sai dai a ɗaure yake da layin wani babba, layin da aka daɗe ba a taɓa ba kuma kamfani kan rufe shi.

Asusun ajiya na banki yana ƙarƙashin ƙa'idojin UEMOA. Ribar da aka tsayar masa ita ce kashi 3.5 cikin 100 a shekara, kuma tun Oktoban 2014 buɗe asusu, ba da littafin ajiya da rufe asusu suna cikin ayyukan da aka wajabta wa bankuna su yi kyauta. COOPEC na ƙungiyar FUCEC-Togo da cibiyoyi irin su WAGES sun fi kusa da 'yan kasuwa, suna karɓar ƙaramin zubi. Bambanci mai nauyi yana wajen kariya. Asusun lamunin ajiya na yankin, FGDR-UMOA, yana biyan mai ajiya har sefa 1,400,000 idan banki ya durƙushe, amma sefa 300,000 kawai idan ƙaramar cibiyar kuɗi ce, kuma sai wadda ke cikin tsarin. Mai zuba sefa 5,000 duk wata zai tara 1,080,000 cikin shekara 18. Wannan bai wuce kariyar banki ba, amma ya kai iyakar ta ƙaramar cibiya tun ƙarshen shekara ta 5. Yana da kyau a fara a inda ya fi kusa, a riƙa kwashewa zuwa banki idan kuɗin ya taru.

Masu alƙawarin ninka kuɗi cikin 'yan watanni ba su cancanci dukiyar yaro ba ko kaɗan. A 2010 kamfanin ICC-Services ya rushe a Binin da ajiyar dubban mutane, a shekarar kuma hukumomin Togo suka dakatar da ayyukan ReDéMaRe. Tambayar da ya kamata a fara yi wa kowace cibiya ita ce takardar izininta daga ma'aikatar kuɗi.

Dabba ita ce tsohuwar hanya, kuma tana da fa'idar da kuɗi ba su da ita a fiƙihu: ana gane ta da kamanninta, ana nuna ta ga shaidu, 'ya'yanta kuma suna bin ta. Tunkiya tana haihuwa bayan wata biyar da ɗaukar ciki, don haka garke kan taru da sauri idan an dace. Amma ba tunkiyar da za ta yi shekara 18 tana haihuwa. Dole a riƙa sayarwa ana juyawa, daga tumaki zuwa karsana, daga shanu zuwa fili, kuma a kowane juyi ana buƙatar mai amana da lissafi. Annobar awaki da tumaki tana iya share garke a damina ɗaya. A Dapaong akwai ƙarin damuwa: bayan harin Kpekpakandi na Mayun 2022, yankin Savanes ya shiga dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin shekarar, kuma kiwon da aka ba wani a ƙauyukan Kpendjal da ke kan iyaka ya shiga haɗarin sata da gudun hijira.

Fili yana riƙe daraja a garin da ke faɗaɗa, kuma Sokode da Dapaong duka suna kan babbar hanya mai lamba 1 da ta haɗa Lome da Sinkase. Ciwonsa shi ne sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, abin da ya cika kotunan Togo da shari'u. Dokar filaye ta 2018 ta dogara ne ga takardar mallaka ta hukuma, wadda ake kira titre foncier. Rasiɗin mai sayarwa ba ya maye gurbinta. Filin da aka saya wa jika aka bar shi da sunan kaka gado ne, wanda kuma aka bari ba shinge ba shuka shekara da shekaru yana gayyatar masu cin iyaka. Zinariya ba ta da wannan dawainiya, tana kuma bin farashin duniya, amma sauƙin ɗauka da ke sa a so ta shi ne ke sa ta ɓace ranar rasuwa.

Darajar sefa cikin shekara 18

Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, abin da ya ba ta kwanciyar da kuɗin maƙwabta ba su samu ba. A Gana hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a Disamban 2022, naira kuma ta faɗi warwas bayan an sake ta a Yunin 2023. Iyalan zango masu dangi a ƙasashen uku sun ga bambancin da idonsu. Duk da haka sefa ba ta tsira daga zaizaya ba. A Janairun 1994 an rage darajarta da rabi a dare ɗaya, daga sefa 50 zuwa 100 a kan faran ɗaya na Faransa. A 2022 hauhawar farashi a Togo ta kai kashi 7.6 cikin 100, ninki biyu da ɗoriya na ribar asusun ajiya.

Lissafin yana da sauƙi. Idan farashi yana tashi da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, wanda shi ne iyakar da UEMOA ta sa wa kanta, sefa 100,000 da aka ɓoye a gida za ta sayi abin da kimanin 59,000 ke saye yau bayan shekara 18. A asusu mai ribar 3.5, idan an bar ribar tana hawa kan uwar kuɗi, za ta zama kimanin 186,000 kafin haraji, wanda bai fi uwar kuɗin ƙarfin saye da yawa ba. Asusun ajiya yana tsare daraja ne, ba ya azurta kowa. Ga kuma batun makomar kuɗin kansa: tun Disamban 2019 ake maganar maye gurbin sefa da eko, Burkina Faso da Mali da Nijar kuma sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025 duk da suna nan cikin UEMOA. Mai tsarin shekara 18 yana da dalilin raba tanadinsa tsakanin kuɗi da kadara.

Kuɗin ruwa da zakka

Mafi yawan malamai suna ɗaukar ribar asusun ajiya a matsayin riba haramtacciya. Masu wannan fahimta sukan ce a ajiye saboda tsaro, a fitar da abin da ya hau a ba mabuƙata. Wasu malamai na zamani, musamman a Masar, sun halatta ribar banki bisa ganin cewa saka jari ne. Wanda ya bi ra'ayin farko ya sani cewa kuɗinsa a banki suna zaizayewa kamar na gida, tsaro kawai ya samu. Hanyoyin da suka dace da shari'a suna ƙaruwa a hankali: Togo ta fitar da sukuk, wato takardun jari na Musulunci, na sefa biliyan 150 a 2016, BCEAO ta fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci a 2018, Coris Bank kuma yana da sashe mai suna Baraka. Sai dai irin waɗannan sun fi samuwa a Lome fiye da arewa.

Zakka tana hawa dukiyar yaro a Malikiyya, Shafi'iyya da Hanbaliyya, waliyyi ne ke fitarwa. Hanafiyya ba ta wajabta ta a kuɗin yaro ba. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200 na azurfa, abin fitarwa kuma kashi 2.5 cikin 100. Kuɗin da ya zauna sama da nisabi ba a juya shi ba, ana fitar masa da zakka shekara 18, kimanin kashi 63 cikin 100 ne zai rage. Wannan ne ya sa aka ruwaito daga Sayyidina Umar umarnin a yi kasuwanci da dukiyar marayu. Wasu gidaje sukan ba amintaccen ɗan kasuwa kuɗin bisa ƙiradi, wato jari daga wani aiki daga wani a raba riba, amma asara a wannan tsari kan mai jari take faɗawa, mai jarin kuwa yaro ne.

Asusun da aka manta

Dokar bai-ɗaya ta UEMOA ta tanadi cewa asusun da ya shekara 10 mai shi bai taɓa shi ba, bai kuma tuntuɓi ma'aikatar ba, ana mayar da kuɗinsa BCEAO. Mai shi ko magadansa suna iya nema a can, amma bayan shekara 30 kuɗin sun zama na baitulmali. Kakan da ya buɗe asusu a ɓoye don gudun idon dangi, ya rasu jikan yana shekara 4, ya bar kuɗin da za su bar bankin kafin yaron ya san da su. Ma'aikatun ma suna sauya suna da masu su: tsohuwar Caisse d'Épargne du Togo ta zama BPEC, daga baya SUNU Bank, BTCI kuma ta zama IB Bank. Sirri yana kare kuɗi daga masu roƙo, amma aƙalla mutum biyu amintattu su san wurin da lambar asusun, a kuma riƙa motsa shi ko da sau ɗaya a shekara.

Masu ganin a kashe yanzu

Ba kowa ya yarda da ajiyar dogon zango ba. Wasu suna ganin a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 52,500 tun Janairun 2023, kulle kuɗi alhali yaron yana buƙatar abinci, maganin zazzaɓin cizon sauro da kuɗin makaranta kuskure ne, domin abin da ya rasa yana ƙarami kuɗi ba za su mayar masa yana 18 ba. Wasu sun fi son a ƙara wa mahaifiyarsa jari. Masu goyon bayan ajiya suna amsawa cewa ciyarwa wajibin uba ce, kuma abin da aka zuba cikin cefanen yau ba ya barin alama. Hujjar farko ta fi ƙarfi ga maraya ko gidan da ke cikin ƙunci. Ta biyu ta fi ƙarfi inda iyaye ke iya ɗaukar nauyin yau da kullum. Ana iya rubuta sharaɗin cewa a taɓa kuɗin saboda ciwo mai tsanani ko karatu kawai.

Akwai kuma batun adalci. Malaman Malikiyya sun karhanta mutum ya ba wasu 'ya'yansa dukan dukiyarsa, sun halatta ba da wani sashe. Fifita jika ɗaya saboda maraici ko naƙasa dalili ne da dangi ke fahimta idan an faɗa musu. Fifiko saboda takwara ko saboda ɗakin da aka fi so yakan bar wa yaron gabar 'yan uwansa tare da kuɗin.

Miƙa dukiyar

A dokar Togo ikon wakili yana ƙarewa ranar da yaro ya cika 18. A fiƙihu balaga kaɗai ba ta isa ba, sai an ga rushdi. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu lokacin miƙawa. Mashahurin zancen Malikiyya ya sa shekara 18 a matsayin iyakar balaga ga wanda alamominta ba su bayyana ba. Jarrabawar takan kasance ta hanyar ba matashi wani yanki ya juya a gani. Kakan da ke son a jinkirta har bayan kammala karatu ko koyon sana'a sai ya sa wannan a rubuce tun ranar kyautar, domin banki ba zai hana baligi kuɗin da ke da sunansa ba saboda maganar baka. A takardar a rubuta adadin da alƙaluman sefa, tunda a kasuwa da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce.

Idan jikan ya rasu kafin ya girma, hukuncin ya danganta da irin abin da aka yi. Tanadin da bai fita daga hannun kaka ba yana nan nasa. Wasiyya tana faɗuwa idan wanda aka yi wa ya riga mai wasiyyar rasuwa. Kyautar da aka kammala kuwa ta zama gadon yaron, ta tafi ga magadansa, kuma idan mahaifinsa yana raye kakan wajen uba ba shi da rabo a cikinta.